Yadda Ake Karɓe Gonar Suruki da Kwat ɗin Ulu

Gavin, mijin 'yata Morag, ya sauko daga jirgin ruwa ya ce ya zo in bar masa gonata da haƙƙina na kiwo a kan dutse. Gwiwoyina sun ƙare, ba ni da ɗa namiji, Morag kuma tana son dawowa gida. Duk ya san wannan. Na zuba masa ido, na haddace dabararsa kaf. Ga ta nan kyauta. Kai ɗan birni mai son a kira ka mutumin dutse, ka bi ta daki-daki. Na ba ka tabbaci, tsibirin nan ba zai manta da sunanka ba.

Mataki na ɗaya: Sayi kaya

Kada ka zo da tsofaffin kaya kamar mai niyyar aiki. Shiga babban kanti a birni ka sayi kwat ɗin ulu, da hular ulu, da wando mai tsayawa a gwiwa, duk launi ɗaya. Ka haɗa da sanda mai kan ƙaho wadda ba ta taɓa kama wuyan tunkiya ba. Takalmi ya zama sabo fil, mai ƙara.

Idan maƙwabcina Tormod ya gan ka a bakin jirgi ya ce mini, "Murdo, wannan surukinka ne ko kujerar otel?" sai ka ɗaga masa hula ka ce, "Na gode, Baba." Ai yabo ne.

Daga nan ka miƙo mini hannun kwat ɗin. "Baba, taɓa ka ji. Da hannu aka saƙa." Zan taɓa. Na zauna a kan masaƙa tun kafin a haifi uwarka, amma ka ci gaba da bayani, ina ƙaruwa.

Mataki na biyu: Wanke rigar da aka ara maka

Matata Effie za ta dubi kwat ɗinka ta ji tausayi. Za ta ɗauko rigar sanyin da ta kaɗa zarenta ta saƙa mini da hannunta, wadda aka bar wa ulunta maiƙonsa don ruwan sama ya zame. Ka karɓa da hannu biyu. Ka shinshina. Warin tunkiya ne, mutum mai daraja kuwa ba ya warin abin da yake son ya gada.

Jefa ta cikin injin wanki da ruwan zafi da sabulu mai ƙamshin fure. Ka zaɓi ranar Lahadi, ka shanya ta a bakin hanya daidai lokacin da jama'a ke tafiya coci. A nan ko hankici ba a shanyawa ranar Lahadi, don haka kowa zai lura da tsabtarka.

Rigar za ta tsuke, ta fito daidai jikin kare. Effie za ta juya ta sama da ƙasa ta ce, "Allah sarki, ɗana, ka yi ƙoƙari." Sannan ta shiga ɗaki ta rufe ƙofa. Kada ka damu. Murna ce.

Mataki na uku: Ka ce kai za ka wakilci gidan

Ranar da ake sauko da tumaki daga dutse don a aske musu ulu, kowane gida yana ba da mutum ɗaya. Gidan da bai bayar ba, mai shi yana tafiya kansa a ƙasa har shekara ta zagayo. Ka bugi ƙirji ka ce, "Baba, ka huta. Ni ina hawan duwatsu duk ƙarshen mako."

Zan ba ka karena, Bran. Kada ka yi masa fito. Yi masa magana da ladabi, ka ce don Allah ya zo nan. Zai dube ka, ya tafi wajen Tormod.

Aikin guda ɗaya ne. A can sama maza suna jeruwa, kowa yana hango na damansa da na hagunsa, a riƙa saukowa tare, tumaki a gaba. Tormod zai ce maka, "Ango, tsaya nan. Ka riƙa ganina, ka riƙa ganin maƙwabcinmu Hector. Kada ka bar wurinka ko ƙafarka ta karye." Ka gyaɗa kai kamar ka ji.

Mataki na huɗu: Bar wurinka

Wannan shi ne ƙashin bayan dabarar. Rana za ta leƙo ta faɗa kan tafkin da ke bayan dutsen. Yana da kyau, ban musa ba. Yana nan tun kafin kakana, gobe ma yana nan, amma kai ka ɗauka yau zai gudu. Ka bar layi, ka hau ƙololuwa, ka jingina da sanda, ka gyara hula, ka ɗauki hotonka. Ka sake, na farko hular ta karkace.

Tunkiya ba ta da wayo sai ɗaya: ta san inda babu mutum. Tsohuwar tunkiya ɗaya za ta juya ta bi ta gurbinka, sauran su bi ta, har rabin garken ƙauye ya koma inda aka fara tun asuba. Idan ka ji ana kiran sunanka daga ƙasa haɗe da wasu kalmomi, ka ɗaga sanda ka gaishe su.

Mataki na biyar: Sauko da labari

Hazo zai rufe. Ruwa zai sauko. Za ka nutse a taɓo har ƙugu, ka baro takalmi ɗaya a ciki. Ka iso shingen aski bayan kowa, kwat ɗinka ya yi nauyin ɗan maraƙi. Maza suna tsaye suna kallonka, masu askin da aka kira suna naɗe kayansu.

Kada ka ba da haƙuri. Fito da waya ka zaga da ita. "Kun ga hasken nan kuwa? Ku fa ba ku san darajar abin da kuke da shi ba."

Hector zai ce, "Ango, tumakina sun fito a hoton? Ina son in san ta inda zan fara nema."

Mataki na shida: Nemi gonar

Yi shi a kan teburin abinci, bakinka cike da dankalina da kifina, ƙafafunka cikin kwanon ruwan ɗumi. Ka ce ka ga inda za a gina ɗakunan baƙi masu yawon dutse. Morag za ta ce, "Baba, ka ba shi lokaci, zai koya." Idonta zai cika.

Saboda ita, tsoho zai sassauto. Haka na yi. Na ce, "Gobe da asuba ƙauye zai sake hawa saboda kai. Ka buga ƙofar Tormod ka ba shi haƙuri. Ka hau, ka tsaya inda aka ajiye ka. Ka sauko da tumakin, sai mu yi maganar gona. In ba ka hau ba, ni zan hau da gwiwoyin nan, maganar kuma ta mutu."

Kafin ka amsa, ka ji wannan. Duk wanda ya bi matakan nan ya rasa gona, ko takalmi, ko fuskar matarsa, kada ya zo ƙofata. Ban aike shi ba. Abin da na gani na faɗa, ban ƙara gishiri ba.

Amsar kuwa, ga ta yadda Gavin ya ba da ita. Ya dubi ƙafafunsa a cikin kwano. Morag ta kira sunansa a hankali, bai ɗago ba. Effie ta tashi ta ɗauko tsohon takalmina ta ajiye kusa da murhu ya sha ɗumi.

Ya ce, "Baba, gaskiya ni ba zan sake hawa dutsen nan ba."