Yadda Aka Kawar da Gudawa a Unguwarmu

Ranar Laraba na rufe shagona na goya ƙanwata a babur zuwa ofishin masu kula da lafiyarmu, da niyyar in dawo kafin rana ta take. Awa biyar muka yi a kan benci. Bencin kuwa ƙafa uku gare shi, bulo ne cikon ta huɗu, don haka duk mai tashi sai ya sanar da na gefensa. Ni ba a sanar da ni ba har sau biyu.

Hatimi ne ya kai mu. Ƙanwar tawa ma'aikaciyar jinya ce, shekara shida tana neman digirin dakta a fannin lafiyar al'umma, har a gida muke ce mata Saura-Ƙiris. Bincikenta shi ne bin gidajen unguwarmu ɗaya bayan ɗaya, tana rubuta yaran da gudawa ta kama da inda ake ɗebo musu ruwan sha. Takalman da ta kashe ni na sani, don ni ke kai su gyara. Ta gama rubutu tsaf, jami'a ta ce saura ofishin lafiya ya buga hatimi cewa da saninsa aka yi aikin. Wa'adinta ranar Juma'a ne. In ya wuce, shekara shidan ta bi ruwa.

Da aka shigar da mu, Mai Riƙon Hatimi ya gyara tabarau ya buɗe shafin farko.

“Malama, yara ɗari uku da goma sha biyu? A ina?”

“A unguwarmu, ranka ya daɗe. Cikin shekara biyu.”

“Ba zai yiwu ba. Ai an kawar da gudawa a unguwarku.”

Ya nuna mana bango. Ga hoton Mai Girma Uban Lafiyar Talakawa, murmushi har kunne, yana karɓar lambar yabo kan wannan nasara.

Kada ku yi saurin cewa mutumin ƙarya yake yi. Maƙwabcina, mai rubuta sunayen marasa lafiya a ɗan asibitin unguwa, ya taɓa warware mini yadda aka yi. Shekara biyu da suka wuce littafin rajistarsa ya cika. Ya rubuta a kawo sabo, shiru. Ya sake rubutawa, shiru. Ga shi duk ƙarshen wata dole ya aika fom na yawan masu kowace cuta. Da yake mutum ne mai tsoron Allah, ya ce ba zai ƙirƙiri adadin da bai rubuta ba, sai ya riƙa barin gurbin babu komai. Can a ofis kuma kwamfutarsu ba ta karɓar gurbin da ba a cike ba, sai akawun ya riƙa danna sifili don ta bar shi ya wuce. Wata ashirin da huɗu a jere, sifili.

Ni dai na jinjina wa shugabanninmu. Wasu ƙasashen sai sun haƙa ƙasa sun shimfiɗa bututu, sun wahalar da kansu da magani. Mu rashin sayen littafi ɗaya ya ishe mu. Kuma a duk tsawon layin nan babu wanda ya yi ƙarya ko ɗaya, shi ya fi burge ni.

Mai Riƙon Hatimi mutum ne mai tausayi, sai ya kawo mafita.

“Ki ƙara layi ɗaya. Ki ce yaran baƙi ne, ziyara suka zo daga wani wuri da cutarsu. Yanzun nan in buga miki.”

“Ranka ya daɗe, tara daga cikinsu sun rasu. Na san iyayensu. Huɗu ni na karɓi haihuwarsu.”

“Allah ya ji ƙansu. Amma wanda ya rasu ai ba mara lafiya ba ne, Malama. Ya fita daga hurumin ofishin nan.”

A nan zan tona wa kaina asiri. Na zungure ta da gwiwar hannu, na raɗa mata, “Ke, rubuta mana. Layi ɗaya ne fa. In kin zama dakta kya faɗi gaskiyar.”

Ta dube ni, irin kallon da mahaifiyarmu ke yi mana in mun yi abin kunya a gaban baƙi. Ta tattara takardunta.

“Yaya, tashi mu tafi.”

Tun da nake ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma wai ni ne babba. A hanya, tana bayana a babur, na ji bayan rigata ya jiƙe da hawaye.

Juma'a ta zo ta wuce ba hatimi. Ranar Asabar na je aski, mai askin ya ce, “Ina labarin daktarmu?”

Na ce, “Babu dakta.”

“Faɗuwa ta yi?”

“A'a, ƙirga daidai ta yi.”

Ya kashe injin askin, ya tsaya da shi a hannu. Ɗiyarsa ta biyu tana cikin taran nan. Sai ya ce, “To ka gaishe ta. Ka ce mata na gode da ba ta mayar mini da 'ya baƙuwa ba.”

Na kai saƙon. Ta saurara, ta ɗauki jakarta, ta ce an kira ta gidan mai gyaran rediyo, jaririnsu ɗan wata takwas tun safe cikinsa bai tsaya ba.

Don haka, jama'a, duk wanda cikin ɗansa ya ɓaci a unguwar nan, ya ja masa kunne tun da wuri. Bai kamata yaro ɗan wata takwas ya fara ƙaryata hukuma ba.