Ruwan Da Ya Kwana A Famfon Bulus

Ba zan taɓa mantawa da safiyar da aka zo gwada ruwan makarantarmu ba. Ko na so in manta, malamai ba za su bari ba. Har yau in an ce a rufe ido a yi addu'a a ofis, sai wani ya buɗe ido ɗaya ya kalle ni, ya ce, "Mama, akwai abin da za ki faɗa kafin mu fara?"

Ni ce mai shara a wata firamare ta coci a gefen Kafanchan, ta hanyar Kagoro. Na fi shekara ashirin a wannan aiki. Ina share azuzuwa, ina kaɗa ƙararrawa, ina cika bokitan ruwan sha. Karatuna a aji shida ya tsaya, can Godogodo, amma da ana ba da takardar shaida a kan damuwa, da tuni na zama farfesa. Ni ce mai kulle ƙofa, in kai bakin titi, in dawo in ja kwaɗon. In na tafi kuma sai in ce anya ba jan da na yi ne ya buɗe shi ba?

Famfon makarantar mijina ne ya haɗa shi, marigayi Bulus. Aikin famfo ya yi a reluwe har ya yi ritaya. Da coci ta haƙa mana rijiyar burtsatse aka ɗora tanki, shi ya ja bututu daga tankin zuwa gindin mangwaro, Asabar uku yana yi. Ni nake riƙe masa bututun, shi yana narka dalma yana liƙe gaɓoɓin, yana turo baki. Kan famfon kuwa wani tsoho ne na tagulla, mai nauyi, da ya daɗe yana ɓoyewa a akwatin kayan aikinsa. Ya ce na zamani kamar biskit suke, yara za su karya su a sati ɗaya. In ka murɗa shi yana wani kuka, ƙiii, kamar ƙofar tsohon ɗaki.

Ranar da ruwa ya fara zuwa, ya kama hannuna ya sa a ƙarƙashin famfon. "Maman Dauda," in ji shi, "ruwan da ya kwana a bututu ba a ba mutum. Ki bar shi ya zuba, sai kin ji sanyi a bayan hannunki." Ban tambayi dalili ba. A gidanmu ma ba a ba baƙo kwanannen ruwa, sai an ɗebo sabo, saboda haka maganar ta zauna mini daidai.

Shekara shida ke nan da rasuwarsa. Kowace safiya kafin yara su zo, nakan murɗa famfon, ya yi ƙiii, in ce, "Ina kwana, Bulus." (Na sani. Ba sai an faɗa mini ba.) Ruwan ya gangara gindin shuwakar da ya dasa, agwagin maƙwabta su taho da gudu su yi wanka. In sanyin ya taɓa bayan hannuna, sai in ji kamar hannunsa ne.

To, wata Litinin cikin zafin watan Maris, hedimasta, Malam Ishaya, ya tara mu ya ce an aiko wata daga Kaduna za ta gwada ruwan sha na makarantu, a ga ko akwai gubar dalma. Ni kuwa na sha ji a rediyo abin da gubar nan take yi wa yara. Da motar ta tsaya, sai ga wata doguwar budurwa da tabarau ta fito, ta zo har gabana ta durƙusa.

"Mama, ba ki gane ni ba? Jummai ce. Wadda kullum take ɓatar da kofinta."

Na rungume ta. Yarinyar da nake share wa majina ce ta zama mai gwaji a babban ɗakin bincike.

Ta zagaya tanki, ta bi bututun da ido, ta tsuguna gaban famfon ta daɗe tana kallo. Malam Ishaya ya tambaye ta ina dalma za ta fito a ruwan da ya fito daga ƙasa garau. Ta ce sau da yawa ba daga ƙasa ba ne, daga tsofaffin kawunan famfo ne da wuraren da aka liƙe bututu da dalma. In ruwa ya daɗe a tsaye a ciki, sai ya ɗan kwaso ta. Ba ta da launi, ba ta da wari.

Ni ina tsaye da tsintsiya. Hannun nan nawa ne ya riƙe bututun.

Aka tashi yara, Jummai ta sa leda ta ɗaure kan famfon. "Daga yanzu har gobe ƙarfe takwas, kada kowa ya buɗe. Ruwan farko nake so, wanda ya kwana. Mama, na bar miki amana." Na ce to. Na ji ta sarai, na kuma gane. Ina faɗin wannan ne don kada wani ya tausaya mini ya ce rashin karatu ne.

Talata tun ƙarfe shida ina makaranta. Na share azuzuwa, na share fili, na sake share inda na share. Sau uku ina wuce gindin mangwaro ina kau da kai. Agwagi suka zo suka tsaya suna kallona. Sai tunani ya fara. Yarinya ta taso tun daga Kaduna, a tarbe ta da kwanannen ruwa? A sa shi a kwalba a kai birni, manyan mutane su duba su ce haka ruwan mutanen Kafanchan yake? Sannan can ƙasa, abin da ba na so in kalla: in aka sami abin nan, me za a ce? Za a ce Bulus ya shayar da yaran gari guba. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa yaro murya ba. A zumuntar mata za a yi shiru in na shigo. Shi kuma ba ya nan balle ya ce wani abu.

Na ce bari in gaishe shi kawai, ba tare da na buɗe ba. Na ɗora hannu a kan ledar. "Ina kwana, Bulus." Shiru. Shekara shida ban taɓa gaishe shi bai amsa ba.

Na kwance ledar.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Amma ni ba na yin abu rabi, ko da laifi ne. Na murɗa famfon, na bar ruwan ya zuba har ya yi sanyi, na ƙara masa lokaci saboda baƙi. Na ɗebo toka a murhun mai ƙosai, na yanka lemun tsami, na goge kan famfon har ya koma kamar ɗan kunnen amarya. Na mayar da ledar na ɗaure (ɗauri mai kyau, ya fi na Jummai). Da na juya na ga ƙasa ta jiƙe sharkaf, alhali an yi wata huɗu ba a ga hadari ba, sai na ɗebo busasshen yashi kwano shida na barbaɗa, na bi da tsintsiya. Agwagin ne kawai na kasa yi wa dabara. Na kore su, suka zagaya ta bayan shuwaka suka dawo.

Ƙarfe takwas wuri ya cika. Malam Ishaya ya sa kwat. Ya gayyato Fasto, ya jera yara aji aji, kowa da kofinsa a rataye a wuya, don su ga yadda ake kimiyya. Jummai ta sa safar hannu ta kwance ledar. Famfon ya ƙyalla a rana har wani malami ya ce, "Kai!"

"Ba wanda ya taɓa, ko?" in ji Jummai.

"Madam, ko ƙuda bai sauka a kai ba," in ji Malam Ishaya, yana dukan ƙirji. "Mama ne mai gadin shi. Mama kuwa, in kin ba ta doka, ta fi wanda ya kafa dokar riƙewa."

Jummai ta kalli famfon. Ta kalli agwagin, bakinsu duk laka, suna tono yashina. Ta kalle ni. Ni kuma na kalli dutsen Kagoro kamar ranar aka kafa shi. Jummai ta juya ga famfon. Ta murɗa, ya yi ƙiii, ta cika kwalba ta rufe, ta yi rubutu a jiki.

Shi ke nan, na ce a raina. Bulus ya ci jarrabawa.

Sai Malam Ishaya ya ce Fasto ya sa albarka kafin a tafi da kwalbar. Muka rufe ido. Fastonmu ba ya gajeruwar addu'a. Ya gode wa Ubangiji saboda rijiya, saboda tanki, saboda hanyar Kaduna. Sannan ya ce, "Ya Uba, kai ne mai ganin abin da idonmu ba ya gani, a cikin ruwa da cikin zuciya. Ga 'ya'yanka ƙanana. In akwai abin da zai cuce su, kada ka bari ya ɓuya."

Na buɗe ido. 'Yan aji ɗaya ne a gabana, sun matse idanu da ƙarfi, kofuna a ƙirji. Kwalbar nan za ta je Kaduna ta ce lafiya lau. Ba wanda zai sake dubawa. Su kuma su ci gaba da sha, har da ranar Litinin bayan ruwa ya kwana biyu, in ni ina kwance da zazzaɓi ba wanda ya zubar.

"Na buɗe!"

Haka na kwatsa, a tsakiyar addu'a, da muryar da ban san ina da ita ba. Rabin yaran suka amsa, "Amin!"

Fasto ya tsaya baki buɗe. Ni kuwa da na fara ban iya tsayawa ba. Na faɗi zubar da ruwa, na faɗi toka, na faɗi lemun tsami, na faɗi yashi kwano shida. Ba wanda ya tambaye ni, amma har gaisuwar da nake yi wa Bulus kowace safiya na faɗa, a gaban yara da malamai da mai ƙosai da ta leƙo ta katanga. (A nan ta san inda tokarta ta tafi.)

"Haba Mama!" in ji Malam Ishaya. "Yanzu na gama rantsuwa a kanki!"

"To," in ji Fasto a hankali, "a bari mu ƙarasa tukuna. Cikin sunan Yesu."

Aka ce Amin na biyu. Jummai ta buɗe kwalbar ta juye a gindin shuwaka. Tafiyar Kaduna guda ta tashi a banza saboda ni. Na so ƙasar da na jiƙa ta buɗe in shige.

Da aka watse, ta same ni a bayan aji uku ina kuka a cikin gyalena. Ta zauna kusa da ni a kan bulo.

"Mama, tun da na ga agwagin na sani. Ina jira ne yara su tafi in tambaye ki."

"Za a ce shi ne," na ce.

"Ni ma shekara shida na sha ruwan nan. Baba Bulus ne yake ɗaga ni in kai bakin famfo. Ba shi nake gwadawa ba, Mama. Ƙarfe nake gwadawa. A lokacinsu haka kowa yake aikin."

Sati na zagayowa ta dawo. Wannan karon Malam Ishaya ya kifa bokitin ƙarfe a kan famfon, ya sa sarƙa da kwaɗo, ya tafi da makullin gida. Ni kuma ya ba ni umarni a rubuce kada in shigo makaranta sai ƙarfe tara. Ranar ce kaɗai na taɓa makara a aiki, ita ma da izini. Jummai ta ɗebi ruwan farko, ta ɗebi na bayan an zubar, ta ɗebi na tanki.

Bayan wasu makonni sakamako ya zo. Rijiya lafiya, tanki lafiya. Ruwan da ya kwana a bututu yana da dalma fiye da yadda ya kamata yaro ya sha. Wanda aka ɗiba bayan an zubar, kaɗan ce ƙwarai a ciki. Jummai ta kira ni a waya ta ce zubarwar nan da nake yi kowace safiya ta rage abin sosai, amma ba za a jingina lafiyar yara a kan mace ɗaya da agwagi ba. Na tambaye ta ko Bulus ya san abin da yake karewa da ya ba ni wannan doka. Ta ce ba ta sani ba. Ni ma ban sani ba, kuma wanda zan tambaya ba ya nan. Har yau in na ga yaron da lissafi yake ba wuya, sai in tsaya da tsintsiya ina tunani. An ce mini dalilai suna da yawa. Ina jin su, amma ina tunanin.

Aka tone bututun Bulus aka sa na roba. Ba wanda ya zage shi, ko a zumuntar mata. Ranar da aka kwance kan famfon, mai aikin zai jefa shi cikin tarkace, Malam Ishaya ya karɓa ya miƙo mini. "Ki riƙe mijinki, Mama. Amma don Allah kada ki haɗa shi da wani bututu."

Yana kan tagar ɗakina yanzu, kusa da hularsa. Da safe kafin in fita nakan murɗa shi. Ba ruwa, ba sanyi a bayan hannu, amma yana yin ƙiii ɗinsa. Sabon na makaranta ba ya cewa komai. Duk da haka nakan bar shi ya ɗan zuba, saboda shuwaka da agwagi ba su yi laifin komai ba.

Abin da na koya? In za a duba abu don a gano ciwonsa, kada ki yi masa wanka da kwalliya, komai son da kike masa. In kuma kin riga kin yi, zuciya ta matsa miki sai kin faɗa, to ki faɗa. Amma ki daure ki jira Fasto ya kai Amin.