Eriyar Gidan Alhaji Sule

Mun daɗe a unguwar Ali Kazaure muna jiran a dawo da wasan jirgin sararin samaniyar nan, mu ga mai sace matuƙansa. Ranar da aka dawo da shi, muka cika gidan Alhaji Sule, mai talabijin ɗin layinmu. Hoton ya ɗan yi dishi-dishi, sai na miƙe.

Alhaji ya ce, "Tela, zauna, muna gani."

Na ce eriya ai ba ta fi keken ɗinki wuya ba. Na hau katanga na murɗa gorar da aka ɗaure eriyar a kai, ta karye daidai lokacin da ɓarawon zai buɗe fuskarsa.

Ba a maimaita wasan ba. Har yau in na shiga inda ake kallo, sai wani ya ce, "A riƙe Injiniya."