Kibiyar Malamin Kimiyya

Duniya ba ta taɓa yi wa mai ilimi adalci ba, musamman a gidan surukansa.

A zamanin mulkin soja, ina koyar da kimiyya a Kafanchan, birai suka addabi gonata da ke garin Godogodo, suna cin masarar da za mu ci shekara. Surukina Baba Bitrus, tsohon maharbi, ya ba ni aron bakansa. Ya zauna yana lanƙwasa kibau ɗaya-ɗaya, yana ware mini masu kauri da nauyi.

Na ture su, na zaɓi wata siririya. Na yi masa bayani cewa marar nauyi ta fi gudu. Har zane na yi masa a ƙasa.

"Ticha," ya ce, "bakan nan yana da ƙarfi. Wannan kibiyar ba za ta ɗauka ba."

Na yi masa murmushin da nake yi wa 'yan aji ɗaya. A gaban dangin matata na ja tsarkiya har kunne, na saki. Kibiyar ta karye biyu. Rabi ya faɗi gabana, rabi ya shige hannuna na hagu.

Wata guda hannun yana naɗe. Har yau in na je gaisuwa sai wani ya ce, "Ticha, me littafi ya ce?" Matata ce ke fara dariya.

Masarar kuwa birai sun cinye tas.