Ranar da Na Ɗauko Amarya daga Digil

Ana jibi bikin ƙanena na sa wa motata sabon bututun iska mai gurnani. Bakanike ya ce in kawo ya saita sensar da ke auna iskar. Na ce, "Bar shi, na gani a waya."

Na saita da kaina, na kuma nace ni zan kai amarya coci.

Ranar bikin, muna haurowa daga rafi motar ta fara tari. Amarya ta sauka ta tsaya a baya, ni kuwa na taka totur. Baƙin hayaƙi ya turnuƙe farar rigarta, motar ta mutu. A keke ta ƙarasa.

Hotunan bikin nan ba na iya kallonsu. Har yau in na je gidansu sai ta ce wa yara, "Ku kwashe shanya, Injiniya ya zo."