Langa a Gaban Sufeto

Ba zan taɓa mantawa da shekarar da soja suka fara mayar wa farar hula mulki ba. Ba don siyasa ba, sai don abin da ya same ni a filin wata firamare a Dukawuya. Ni ne malamin addini a can. Karatuna na allo ne da na zaure, da ajami nake shirya darasi, boko kuwa da girmana na tsince shi.

Gari ya ɗauka an sami sakewa, kowa da abin da yake so a gyara. Ni abin da ya tsaya mini a rai shi ne darasin motsa jiki. A jera yara a rana, a busa usur, hannu sama, hannu ƙasa, kamar kuratan Bature, alhali ga wasannin da muka gada. Na yi ta damun hedimasta, Malam Garba, a sa langa a jadawali, har ya gaji ya ce, "Malam, ranar Laraba sufeto zai zo daga ofishin ilimi. In ya yarda, na yarda. In ya ƙi, kada in ƙara jin maganar langa a makarantar nan."

Laraba ta yi, sai ga sufeto cikin kwat, takalmi sai ƙyalli. Yara suka fito, kowa ya kama ƙafa ɗaya ta baya yana tsalle da ɗayar, ana ture juna. Wanda ya saki ƙafa ko ya faɗi, ya fita. Sufeto yana kallo, fuska ba yabo ba fallasa. Da na yi shiru da an rabu lafiya (amma ina, baki ya riga hankali).

Na ce, "Ranka ya daɗe, ni nan a dandalin Kabuga ba a taɓa kai ni ƙasa ba. Sai dai fa ba wasan masu takalmi ba ne."

Sufeto ya sunkuya. Ya tuɓe takalmi da safa, ya miƙa wa hedimasta kwat ɗinsa, ya ce, "Bismilla, Malam."

Na cire babbar riga, ya rage daga ni sai taguwa da wani tsohon wando mai faɗi. Garin sauri na haɗa ƙafata da bakin wandon na damƙe. Ban yi nisa da tsalle ba na ji ɗas! Mazagi ya tsinke.

To, jama'a, hannu biyu Allah ya ba ni. Ɗaya yana riƙe da ƙafa, in na saki na fita. Ɗayan na tare abokin karawa ne, shi na aika ya ceto wando. Haka na yi ta tsalle ina salati, sufeto ya zo a hankali, ya ɗan taɓa ni da kafaɗa. Sai ga ni a ƙasa, ƙafa a sama (Allah ya rufa asiri, taguwar ta wuce gwiwa).

Fili ya kaure da ihu: "Malam ya fita! Malam ya fita!" Malam Garba ya toshe baki da kwat ɗin mutane, kafaɗunsa na rawa.

Sufeto ya miƙo hannu ya tashe ni, yana dariya har da hawaye. Ya raɗa mini, "Ba ka gane ni ba ko? Tanko ne, na bayan masallaci, wanda ka hankaɗa cikin kwata ranar salla da sababbin kaya. Yau na rama, mun yi biyan bashi."

Na ce, "Tanko! Kai ne ka shige cikin kwat haka?"

Muka rungume juna, ni da hannu ɗaya. A nan take ya yarda a sa langa a jadawali, bisa sharaɗin in tsaya a alƙalin wasa.

Har gobe ina kan bakana, a koya wa yaro abin gidansu. Sai dai duk wanda zai tashi kare gadon iyaye a bainar jama'a, ya fara duba mazaginsa.