Ƙunshin da Na Yi wa Fuskata

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da yake na yi iya ƙoƙarina in manta, da bazarar da rana ta nemi raba ni da matar aure. Zamanin Turawa ne, ina saurayi, En'e ta ɗauke ni malamin gona a Kankiya. Aikin kuwa ba na zaman ofis ba ne. Keke aka ba ni, kullum ina bisa hanya, yau Sukuntuni, gobe Kaikai, jibi Yashe, ina yi wa manoma bayanin irin auduga da takin zamani, su kuma suna gyaɗa mani kai don dai in gama in tafi.

To ni fari ne, irin farin nan da ba ya shiri da rana ko kaɗan. (Ina yaro mata kan yaba shi, ni kuma in riƙa hura hanci, ban san wahala ce ke jirana ba.) Da zafi ya kankama sai fuskata ta yi ja, ta yi raɗaɗi, sannan ta shiga saɓa. Goshi da karan hanci da kumatu duk suka yi dabbare-dabbare, nan fari fat, nan duhu.

Da muni ne kaɗai, da na haƙura. Amma a wancan lokaci babu abin da mutane ke tsoro kamar su ga tabo mai haske a jikin mutum, don abin da ke fara zuwa ransu kuturta ce. Ba ma a son kiran sunanta, sai dai a ce babban ciwo. Ni kuwa a lokacin ina neman auren Hurera, wata yarinya 'yar Kusada da na fara gani ran kasuwa tana sayar da ƙuli-ƙuli. Tana sona, ina sonta, manyana har sun kai gaisuwa. Mahaifinta ya rasu, saboda haka maganar aurenta tana hannun wan mahaifinta, Malam Iro, dattijon da ba a taɓa ba ni labarin dariyarsa ba.

Wata rana na dawo daga ƙauye, Goggo Dije, ƙanwar babana wadda nake zaune a gidanta, ta kira ni.

"Ɗan nan, zamna. Malam Iro ya aiko yana son ganinka bayan kasuwa biyu. Kuma ya ce da rana tsaka, ba da marece ba."

"Lahiya dai, Goggo?"

"Wani ya kai mashi zance, wai ya ga tabo a huskarka. Ka dai gane."

Na gane sarai. Dattijon nan so yake ya dube ni a cikin haske, idan bai gamsu ba shi ke nan, Hurera ta fi ƙarfina. Kuma ba ita kaɗai zan rasa ba, don in maganar ta bazu, ko ruwa ba mai sake sha a moɗa ɗaya da ni.

Daga ranar na shiga neman abin da zan shafa ya tare mani rana. Na fara da man shanu. Kafin in kai Sukuntuni ya narke yana bin wuyana, ƙudaje kuma suka yi mani rakiya har gindin bishiyar da nake taro. Wani manomi ya daɗe yana shinshina iska, sannan ya tambaye ni ko tuwo na ƙunso a aljihu. Na koma man kaɗe. Shi kuma nauyi gare shi, sai ka ji kamar an yaɓa maka laka, ga shi duk ƙasar da tayar keke ta tayar sai ta manne a kai. Na sayi basilin a kanti, shi ne ma ya fi ba ni haushi, don fuskata ta riƙa ƙyalli tana soyuwa kamar ƙosai a kasko. Malafa ma na gwada, iska ta yi ta fizge ta ina sauka ina bin ta cikin gonakin mutane, har na gaji. Baturen gona da ke zuwa rangadi na ga yana shafa wani farin abu a hanci, amma ina ni ina tambayar Bature abin da yake shafawa? Ko barka da rana sai na tattaro ƙarfin hali nake yi masa.

Abin da nake nema bai fi ƙarfin duniya ba. Abu mara maiƙo, mara nauyi, mai sanyi, wanda zai zauna a fuska ya yi shiru. Amma na rasa. Barci ya ƙaurace mani, abinci ya daina shiga. Da asuba abin da nake fara yi shi ne in shafa goshina in ji ko wani wurin ya sake ɓarewa. Har tsunkulin kaina nake yi in tabbatar ina jin zafi, don an ce mai wancan ciwon ba ya ji.

Da ranar ta matso sai na roƙi alfarma aka bar ni ina aiki a sito, cikin inuwa. Alhamdu lillahi fuskar ta ɗan lafa, tabon ya fara sajewa. Sai dai ranar tafiya da safe, da na leƙa waje na ga yadda rana ta fito ba ko gajimare, na san da sauran aiki. Daga Kankiya zuwa Kusada a keke ba nan kusa ba ne. In na tafi haka, zan isa da fuska ja wur. In na shafa mai, zan isa kamar wanda aka tsamo daga tukunyar miya.

Ina cikin wannan zulumi idona ya faɗa kan wata 'yar ƙwarya a bakin ɗakin Goggo, cike da garin lalle. Ita kuwa ta fita barkar haihuwa. Sai na tuna yadda ake cuɗa amare da lalle fatarsu ta yi sumul, na kuma tuna mata na cewa yana da sanyi. Na san yana rini mana, ni ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Amma a ilimina na malamin gona, lalle ba ya kamawa sai an ƙunshe shi an bar shi ya jima. Ni kuwa ba ƙunshi zan yi ba, shafawa kawai zan yi, in na kusa gari in wanke.

Na dama shi ruwa-ruwa, na shafe fuska tun daga goshi har haɓa. Wayyo daɗi! Sanyi ya ratsa ni, ba maiƙo, ba nauyi. Na wanke hannuwana nan da nan, na duba, ko alamar ja babu. Na ce to ka gani, ashe maganin yana cikin gida nake ta wahala. (Har na fara tunanin yadda zan ba Baturen nan shawara.) Saura abu ɗaya, ba zan ratsa Kankiya da koriyar fuska ba. Sai na ɗauko rawani na naɗa, na ja amawali na rufe hanci da kumatu ruf, na saukar da shi kan goshi, idanu kaɗai na bari.

Mai karatu, na san ka riga ni ganewa. Lalle a jiƙe, an rufe shi da ƙyalle, ga zafi, ga gumi. In wannan ba ƙunshi ba ne, mene ne? Ni dai ban gane ba, ina ta tuƙa keke ina yaba wa kaina.

Kamar abin bai isa ba, ban yi rabin hanya ba ƙaya ta huda mani taya. Na sauka ina turawa cikin rairayi, gumi na tsiyaya a ƙarƙashin rawani, ina ta sauri kada in makara Malam Iro ya ce tsoro ne ya hana ni zuwa. Ban sami mai faci ba sai da rana ta ɗaga sosai. Duk wannan lokaci lalle na can yana aikinsa a natse.

Dab da shiga Kusada na tsaya a wata rijiya, na roƙi wasu mata guga ɗaya. Na kwance rawani na wanke fuska tas. Da na ɗago in yi godiya, sai na ga sun yi cirko-cirko, ɗaya ta rufe baki da gefen zane, ɗaya ta ja 'yarta baya. Ni a wautata na ɗauka kwarjinin ma'aikacin En'e ne. Na gyara rawani, wannan karon fuska a buɗe, na shiga gari da ƙwarin gwiwa.

A zauren Malam Iro na tarar da shi da limamin unguwa da wani wanzami da aka kira musamman don ya duba ni. Na tuɓe takalma, na durƙusa na kwashi gaisuwa. Liman ya ɗan ja buzunsa baya.

"Yaro, hito waje inda haske," in ji Malam Iro.

Muka fita. Ya daɗe yana kallona.

"Tun yaushe abin ya kai haka?"

"Ai Baba, yanzu ma ya yi sauƙi ƙwarai," na ce. "Da kun gan shi makon jiya."

Liman ya yi salati.

Wanzami ya matso, ya kama haɓata ya juya ta dama da hagu. Ya ɗauki tsinke ya soka mani a kumatu, na yi ƙara har da zabura.

"Yana ji kam," ya ce. "Amma Allah shi gafarta Malam, ni tun da nike ban taɓa ganin irin wanga ba. Mai yiwuwa sabo ne ya shigo ƙasar."

Sai ya zaro ɗan madubi daga zabirarsa ya miƙo mani. Na duba. Inna lillahi! Fuskata ja ce jawur kamar an tauna goro an fesa mani. Wuraren da suka saɓa, da yake sabuwar fata ce, sun fi shan rinin, sun yi duhu-duhu. Kewayen idanuna kaɗai ya rage fari. Ni kaina da na ga mutumin nan a hanya, da na canza hanya.

Nan take na gane abin da ya faru, na kuma gane abin da ke gabana. In na yi shiru, za a sallame ni a matsayin mai ciwon da ko wanzami bai san sunansa ba. In na yi magana, zan faɗa da bakina, a gaban surukina da liman, cewa ni ƙato, ma'aikacin hukuma, na saci lallen goggona na shafa a fuska. Wallahi sai da na ɗan auna su biyun, kuma na ɗan lokaci ciwon ya fi mani sauƙi. Sai na ji motsi a bayan danga, na san Hurera na nan tana saurare.

"Baba," na ce, "ba ciwo ba ne. Lalle ne."

"Mi ka ce?"

"Lalle ne na shafa."

Na kwashe labari tun daga man shanu har rawani na faɗa masu, kaina a ƙasa, ina roƙon ƙasar ta tsage in shige. Malam Iro ya yafito wani yaro. Ya aika aka kira mahaifiyarsa, Iya Kande, kakar Hurera, tsohuwa tukuf mai dogara sanda. Ta zo ta kamo kunnena ta jawo ni ƙasa, ta shinshina goshina, ta lakaci gefen rawanina ta duba.

"Lalle ne, kuma mai kyau," ta ce. "Kai miji na, wa ya yi maka wanga ƙunshi? Ya kama hiye da na ƙahwata! Ba a ba ka matar ba har ka shiga lalle? To ai sai mu kawo maka lulluɓi."

Mata a cikin gida suka fashe da dariya, wata har da rangaɗa guɗa. Wanzami ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. Liman yana ta "subhanallahi" kafaɗunsa na girgiza. Malam Iro ya juya mana baya yana tari, tarin da har yau ban yarda tari ba ne. Da ya juyo, sai ya dubi liman ya ce, "Wanda ya iya hwaɗin wagga magana da bakinshi gaban mutane, ba shi ɓoye mamu ciwo. A gaya ma manyanshi su zo a sa rana."

Na so in yi godiya, amma hawaye suka riga ni, suka gangaro kan jar fuskar nan. Ban san ko na murna ne ko na kunya ba, ina jin duka biyun ne.

Rinin bai bar ni da wuri ba, da shi na koma aiki, manoman Kaikai suna tambayata ko yaushe za a kai ni ɗakina. Hurera kuwa mun tsufa tare, kuma duk ranar da za ta yi ƙunshi sai ta leƙo ta tambaye ni, da ladabinta, ko a dama da ni.

Abin da na koya bai da yawa. Duk abin da za ka shafa a fuska, fara gwada shi a ƙwauri, inda wando ke rufa maka asiri, kuma kada ranar gwajin ta zama ranar da surukai suka ce ka zo da rana tsaka.